Taurarin da suka fita zakka

Duk matafiyin da dare ya taɓa riska a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, nesa da fitilun gari, ya san yadda sama ke cika maƙil da taurari har mutum ya rasa inda zai sa ido. Ga mai kallo da ido kawai, bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba: wannan ya ɗara wancan haske, wancan ya ɗan yi ja, wani kuma ya ɗan yi shuɗi. Su ma masana ilimin taurari sun tabbatar da cewa mafi yawansu kusan haɗi guda gare su, kamar daga ƙwarya ɗaya aka ɗebo su. To amma a cikinsu akwai ƴan tsiraru da suka fita zakka. Akwai mai ɗauke da zaiba ninki dubbai bisa ga abin da ke cikin Rana, akwai wanda darmar da ke cikinsa ta kai nauyin Wata, akwai mai tofar da hayaƙi har ya rufe kansa, akwai kuma wanda aka nemi baƙin ƙarfe a cikinsa aka rasa. A wannan mako za mu duba waɗannan taurari, domin ta bakinsu ne aka ji amsar wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye: daga ina uraniyom ɗin Arlit da zinariyar Jado suka samo asali, tun kafin su shiga cikin ƙasa?

Cinikin biri a sama?

Mai karatu, musamman ɗan kasuwa da ba ya biyan kuɗin kaya sai ya kwance bakin buhu, yana da damar ya ce duk wannan zance cinikin biri a sama ne. Wa ya je tauraro ya ɗebo samfuri? Ko manyan masana sun yi wannan shakka. A shekarar 1835 wani mashahurin masanin falsafa Bafaranshe, Auguste Comte, ya rubuta cewa ɗan Adam zai iya sanin nisan taurari da tafiyarsu, amma har abada ba zai san sinadaran da suka ƙunsa ba. Ya rasu a 1857. Shekara biyu bayan haka aka ƙaryata shi.

Ga yadda abin yake. In aka ratsa hasken Rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya warwatsu zuwa launukan bakan gizo. A 1814 wani maƙerin gilashi Bajamushe, Joseph Fraunhofer, ya lura cewa wannan baka ba a shafe yake sumul ba, akwai siraran baƙaƙen layuka da suka gitta shi, har ya ƙidaya fiye da 500. A 1859 wasu malamai biyu na jami'ar Haidelbag a Jamus, Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen, suka gano ma'anarsu. Kowane sinadari yana fitar da haske, ko ya shanye shi, a wasu wurare ƙayyadaddu na bakan, waɗanda babu wani sinadarin da ke tarayya da shi a cikinsu. Kowa na iya gwada wannan a gida: a barbaɗa ɗan gishiri a kan wutar gas, nan take harshen wutar zai koma ruwan ɗorawa, saboda sinadarin sodiyom da ke cikin gishirin. Wannan launin kuwa daidai wurinsa ne aka sami baƙaƙen layuka biyu a hasken Rana. Ashe ke nan haske yana isowa da takardar kayansa a hannu, kamar motar da ta tsaya gaban ƴan duwan, sai dai a sami mai iya karanta ta.

Hanyar ta nuna ƙarfinta da wuri. A 1868 aka ga wani layi a hasken Rana da bai dace da kowane sinadari da aka sani ba, aka raɗa wa mai shi suna hiliyom. Sai a 1895 aka same shi a nan doron ƙasa. Daga baya, a 1925, wata ɗaliba ƴar Ingila mai bincike a Harvard, Cecilia Payne, ta nuna cewa kusan dukan jikin taurari haidirojin ne da hiliyom. Manyan fannin suka ƙi yarda da farko, har sai da suka sake lissafi suka tarar ita ce da gaskiya. A yau an san cewa, in aka auna da nauyi, kusan kashi 74 cikin 100 na Rana haidirojin ne, kusan kashi 25 hiliyom, sauran sinadarai duka, da oksijan da karbon da baƙin ƙarfe da zinariya, ba su cika kashi 2 ba. Wannan haɗi na Rana shi ne mudun da ake auna sauran taurari da shi. Wanda ya kauce masa sosai, shi ne ake kira tauraro mai baƙon haɗi.

Labarin zuciya, a tambayi fuska?

Rukuni na farko shi ne na wasu taurari farare masu zafi, waɗanda suka fi Rana nauyi sau biyu zuwa sau uku ko fiye. Tun a 1897 Antonia Maury, ita ma a Harvard, ta ware wasu daga cikinsu saboda layukansu sun saɓa wa na ƴan uwansu. Kimanin ɗaya cikin goma na irin waɗannan taurari haka yake. A wasu, layukan silikon da kuromiyom da sitironsiyom sun yi kauri fiye da kima. A wasu kuma manganiz ne da zaiba, wato sinadarin nan da masu haƙar zinariya ke amfani da shi wajen tace ta, wanda yawansa a fuskar tauraron kan kai ninki dubu goma har zuwa dubu ɗari na abin da ke cikin Rana. A 1947 Horace Babcock a Kalifoniya ya gano cewa da yawa cikinsu suna da ƙarfin maganaɗisu mai tsanani. Wani da ya auna a 1960, mai lamba HD 215441, maganaɗisunsa ya fi na Duniya ƙarfi sau dubbai masu yawa, har ake kiransa tauraron Babcock.

An daɗe ana kai da kawo a kan inda wannan tarin zaiba ya fito. Amsar da aka fi amincewa da ita ta zo a 1970 daga Georges Michaud, masani ɗan Kebek a Kanada, kuma duk mace mai shiƙar hatsi za ta gane ta. A fuskar tauraro ƙarfi biyu ne ke jayayya a kan kowace ƙwayar zarra. Nauyi yana janta ƙasa, hasken da ke fitowa daga ciki kuma yana tura ta sama. Sinadarin da ke da layuka masu yawa yana tare haske da yawa, saboda haka haske ya fi samun inda zai tura shi, sai ya tashi kamar ƙaiƙayi a iska. Wanda ba ya tare haske sosai, kamar hiliyom, sai ya nutse kamar tsaba. Sannu a hankali sai wasu sinadarai su taru a sama, wasu su ɓace daga gani.

Sai dai wannan rarrabewa ba ta yiwuwa sai fuskar tauraron tana kwance lumui. Furar da ake ta damawa ba ta kwanciya. A Rana, wajen kashi ɗaya cikin uku na waje yana ta tafasa yana juyawa, shi ya sa haɗinta ya gauraya. Yawancin fararen taurari kuma suna jujjuyawa da sauri ƙwarai, wannan ma damawa ce. Waɗanda suka fita zakka su ne masu juyawa a hankali, ko dai don maganaɗisu ya daddanne su, ko don wani tauraro abokin zama ya rage musu gudu. Inda maganaɗisu ya yi ƙarfi, sinadaran kan taru dabbare-dabbare, wannan gefe kuromiyom, wancan gefe wani abu dabam, har hasken tauraron ya riƙa canzawa yayin da yake juyawa.

Darasin da ke nan babba ne. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma waɗannan taurari fuskarsu ba ta faɗin abin da ke ciki. Zaibar tana cikin wata siririyar fata ce kawai a sama, kamar buhun da aka zuba wa kyakkyawan wake a baki. In da za a dama tauraron gaba ɗaya, da haɗinsa bai bambanta da na Rana sosai ba. Saboda haka wannan rukuni bai ƙera komai ba, tankaɗe kawai ya yi. Masu ƙira na gaske suna gaba.

Sinadarin da bai kamata a gani ba

Akwai wani sinadari mai lamba 43 a jerin sinadarai, wanda masana suka yi shekaru suna nema a cikin duwatsu ba su samu ba. Sai a 1937 Carlo Perrier da Emilio Segrè suka same shi a Palermo ta Italiya, cikin wani guntun ƙarfe da aka sarrafa a injin fasa ƙwayar zarra na Amurka. Suka sa masa suna teknesiyom, wato abin da aka ƙera da hannu. A yau asibitoci suna amfani da wani nau'insa wajen ɗaukar hoton cikin jiki. Dalilin rashinsa a duwatsu shi ne ba ya zama: yana ruɓewa ya rikiɗa zuwa wani sinadari. Nau'insa mafi daɗewa, rabinsa kan ɓace cikin shekara miliyan 4 da ɗoriya. Bayan shekara miliyan 42, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Duniya kuwa ta fi shekara miliyar 4 da rabi, wato miliyan dubu huɗu da ɗari biyar, don haka wanda aka haife ta da shi ya ƙare tun tuni.

A 1952 Paul Merrill, wani dattijon masani a tsaunin Wilson na Kalifoniya da ke dab da ritaya, ya ga layukan teknesiyom ƙarara a hasken wasu jajayen taurari ƙatta, irin su R Andromedae. Waɗannan taurari tsofaffi ne, shekarunsu ɗaruruwan miliyoyi, wasu ma sun haura miliyar. In mutum ya shiga ɗakin da aka ce an rufe tun shekara goma ya tarar da tuwo yana tururi, ya san akwai mai girki a gidan. Haka wannan: tun da sinadarin ba zai iya jiran tsawon rayuwar tauraron ba, lalle a cikinsa ake ƙera shi, kuma kwanan nan. Wannan ce hujja ta farko ta gani da ido cewa taurari maƙera ce ta sinadarai masu nauyi.

Shekara biyar bayan haka, a 1957, masana huɗu, Margaret Burbidge da mijinta Geoffrey Burbidge, da William Fowler, da Fred Hoyle, suka fitar da wani dogon bincike da ya shimfiɗa hanyoyin wannan ƙira. A cikin tauraro, haidirojin yana haɗewa ya zama hiliyom, hiliyom ya zama karbon da oksijan, a manyan taurari kuma a yi ta hawa har zuwa baƙin ƙarfe. Daga nan haɗewa ba ta ƙara ba da zafi, sai wata hanya: cibiyar ƙwayar zarra ta riƙa haɗiye wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutron. In tana haɗiyarsu ɗaya bayan ɗaya, da tazarar shekaru a tsakani, ana kiranta hanyar sannu. Ita ce ke aiki cikin jajayen ƙattan da Merrill ya duba, tana samar da teknesiyom da bariyom, har ta tuƙe a wajen darma. In kuwa nutron suka zubo kamar ruwan sama cikin daƙiƙa ɗaya, wannan ita ce hanyar gaggawa, kuma ita kaɗai ke iya kaiwa ga uraniyom. Yawancin zinariya ma ta nan ta bi. Fowler ya sami kyautar Nobel a 1983 saboda aikinsa a wannan fanni.

Dukiyar gado

Da aka fahimci haka sai wata matsala ta taso. A 1951 William Bidelman da Philip Keenan sun bayyana wasu taurari cike da bariyom, alhali ba su kai shekarun da za su iya ƙera shi da kansu ba. Kamar a ga yaron da bai fara fatauci ba da garken raƙuma. Ruwa ba ya tsami banza. A 1980 Robert McClure da abokan aikinsa a Kanada suka lura cewa waɗannan taurari suna ɗan kai da komowa, alamar suna zagaya wani abu da ba a gani. A wannan shekarar kuma Erika Böhm-Vitense ta hango abokin zaman ɗaya daga cikinsu, Zeta Capricorni: wani ɗan ƙaramin tauraro ne da ake kira farin wada, girmansa kamar na Duniya, wato gawar tauraron da ya gama rayuwarsa. Shi ne ya ƙera bariyom ɗin lokacin da yake jan ƙato, ya feso shi waje kafin ya mutu, maƙwabcinsa ya kwashe. Dukiyar ta gado ce.

Irin wannan gado ne ya haifar da taurarin darma. A 2001 Sophie Van Eck ta jami'ar Burusel da abokan aikinta, suna aiki da madubin hangen nesa na La Silla a ƙasar Cili, suka sami taurari uku da aka ƙiyasta darmar kowanensu ta kai nauyin Wata. Lissafi ya riga ya nuna cewa hanyar sannu, in ta yi aiki a tauraron da ba shi da baƙin ƙarfe da yawa, za ta tura kusan komai har ƙarshen layi, wato darma. Ga shi an gani.

Wani mai ban mamaki a wannan dangi shi ne R Coronae Borealis, wanda Edward Pigott ɗan Ingila ya lura a 1795 cewa yakan ɓace ba zato ba tsammani. Shi wannan kusan ba shi da haidirojin ko kaɗan, jikinsa hiliyom ne da karbon, wato sinadarin gawayi. Lokaci-lokaci yakan tofar da gajimaren karbon, ya huce ya zama kunkunniya irin ta rufin madafa, ta rufe shi. A 2007 haskensa ya ragu sau dubbai, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya dawo daidai. Masana da yawa suna ganin fararen wada biyu ne suka narke cikin juna suka haife shi.

Matalautan taurari

In taurari ne ke ƙera sinadarai suna watsa su, to lalle waɗanda aka haifa da farko sun tashi cikin talauci. Bisa lissafin masana, sararin samaniya ya fara ne shekara miliyar 13.8 da suka wuce, da haidirojin da hiliyom da ɗan ƙyas na litiyom kawai. Kowane zubi na taurari yana mutuwa ya bar wa na bayansa ƙarin sinadarai. Saboda haka ƙarancin baƙin ƙarfe alamar tsufa ce.

A 1951 Joseph Chamberlain da Lawrence Aller suka nuna cewa tauraro HD 140283 ba shi da baƙin ƙarfe kamar Rana. Awon yau ya nuna kashi ɗaya ne cikin kimanin 250. Tun daga nan ake farautar waɗanda suka fi shi talauci. A 2011 Elisabetta Caffau ta ba da labarin wani a rukunin taurarin Zaki, wanda sinadaransa masu nauyi duka sun gaza na Rana fiye da sau 20,000. A 2014 Stefan Keller da ƙungiyarsa a Ostireliya suka sami SMSS J0313-6708, wanda ba a ga layin baƙin ƙarfe ko ɗaya a haskensa ba. In ma akwai, bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na Rana ba. Amma yana da karbon da magneziyom da ɗan kalsiyom. Daga wannan haɗi aka karanto tarihin mahaifinsa: wani tauraro na zubin farko, mai nauyin Rana wajen sau 60, wanda ya fashe ba da ƙarfi sosai ba, ya watso fatarsa ta waje, baƙin ƙarfen da ke tsakiyarsa kuma ya rufta cikin baƙin rami. Ba wanda ya taɓa ganin tauraron zubin farko, amma ga kamanninsa a jikin ɗansa.

Uraniyom a sama

A cikin waɗannan matalauta ne aka yi gamo da abin da ya fi shafar mu. A 2001 Roger Cayrel na cibiyar binciken taurari ta Paris, tare da abokan aikinsa, suka juya ɗaya daga cikin manyan madubai na tsaunin Paranal a Cili, mai faɗin mita 8.2, zuwa ga wani tauraro mai lamba CS 31082-001. Baƙin ƙarfensa kashi ɗaya ne cikin kimanin 800 na Rana, amma yana da wadatar sinadaran hanyar gaggawa. Da yake layukan ƙarfe ba su cunkushe haskensa ba, sai aka iya hango wani siririn layi guda na uraniyom. Wannan ne karo na farko da aka auna uraniyom a irin waɗannan tsofaffin taurari.

Amfanin wannan awo shi ne uraniyom agogo ne. Rabin babban nau'insa yana ruɓewa cikin shekara miliyar 4.5, na toriyom kuma cikin miliyar 14. In aka gwada abin da ya rage na kowanensu, za a san tun yaushe aka ƙera su. Cayrel ya sami kimanin shekara miliyar 12.5, da yiwuwar kuskuren miliyar 3 sama ko ƙasa. A 2007 Anna Frebel ta yi irin wannan awo a kan HE 1523-0901 ta sami miliyar 13.2. Duka biyun sun yi daidai da shekarun sararin samaniya da aka samo ta wasu hanyoyi dabam.

Saura sanin ita maƙerar. Ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO a Amurka da Virgo a Italiya suka ji girgizar karon wasu taurarin nutron guda biyu. Tauraron nutron gawar babban tauraro ce, faɗinsa wajen kilomita 20 kawai amma ya fi Rana nauyi. Cikin awa goma sha ɗaya aka hango hasken karon a garken taurari NGC 4993, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Tafiyar haske ta shekara guda kuwa kusan kilomita miliyar 9,460 ce. Cibiyoyi wajen 70 suka bi shi da kallo. Yadda hasken ya yi ja ya dushe cikin kwanaki ya dace da tarkacen hanyar gaggawa. A 2019 aka tantance layin sitironsiyom a cikinsa, a 2023 kuma madubin James Webb ya ga alamar teluriyom a wani karo irinsa. Har yanzu masana suna muhawara ko akwai wasu maƙerun, kamar wasu nau'o'in fashewar manyan taurari, amma wannan ɗaya dai an kama ta tana aiki.

Ga silsilar ke nan. Kafin a haifi Rana, irin waɗannan karo da fashewa sun watsa uraniyom da zinariya cikin gajimaren ƙura da iska. Shekara miliyar 4.6 da suka wuce gajimaren ya dunƙule ya zama Rana da Duniya. Uraniyom ya shiga duwatsun Abzin, ruwa ya wanko shi sannu a hankali ya ajiye shi cikin duwatsun yashi na yammacin tsaunukan, inda aka fara haƙarsa a Arlit a 1971. Ba wata masana'anta a duniya da ke iya ƙera madadinsa da yawan da za a sayar. Abin da aka ɗebe ya tafi ke nan, kuma ya kamata duk mai magana a kan farashinsa ya san da haka.

Shari'ar da ba a yanke ba

Kada mai karatu ya ɗauka an gama warware komai. A 1961 Antoni Przybylski, ɗan asalin Polan mai aiki a tsaunin Stromlo na Ostireliya, ya duba hasken tauraro HD 101065 a rukunin Kentaurus, nisan tafiyar haske ta shekara wajen 350, ya rasa gane kansa. Layukan baƙin ƙarfe da nikel sun yi rauni, amma dubban wasu layuka sun cika bakan. Na sinadaran nan ne da ake kira ƙasa mai wuyar samu, irin su holmiyom da niyodimiyom, waɗanda ake sa wasunsu cikin maganaɗisun salula da motoci masu lantarki. Yawansu ya kai ninki dubu zuwa dubu goma na Rana. A 1978 Donald Kurtz, yana aiki a Afirka ta Kudu, ya gano cewa tauraron yana bugawa kamar zuciya kowane minti 12 da ɗoriya.

Tankaɗen Michaud yana iya bayyana wani sashe na wannan. Abin da ya ɗaure kai shi ne rahotannin da suka biyo baya. A 2004 wasu masana suka ce akwai alamun purometiyom, wanda rabinsa ke ɓacewa cikin shekara 17.7 kacal. A 2008 Vera Gopka da abokan aikinta daga Ukraniya suka ce sun ga layukan pulutoniyom da amerisiyom har da ainshitainiyom, wanda rabinsa ba ya kai shekara biyu. Shi kuwa wannan tauraro ba jan ƙato ba ne da zai ƙera su a ciki ya fito da su. An ce ko akwai tauraron nutron kusa da shi mai yi masa ruwan ƙwayoyi, aka nema ba a gani ba. A 2017 masana uku a Sidni, Dzuba da Flambaum da Webb, suka kawo shawarar cewa wataƙila akwai wasu sinadarai masu nauyin gaske da ba a taɓa samu a Duniya ba, su ne ke ruɓewa suna haifar da waɗannan. Wasu kuma suka ce a bi a hankali, kama da wane ba ta wane. A bakan da layuka suka cunkushe haka, abu ne mai sauƙi layin wani sanannen sinadari da ba a gama auna shi a ɗakin gwaji ba ya faɗa daidai wurin wani. Binciken baya-bayan nan ya ƙara ƙarfafa wannan shakka. Shekara fiye da sittin ke nan shari'ar tana gaban alƙalai.

Tauraron Przybylski ba ya ganuwa da ido, sai da madubin hangen nesa, ko da yake daga Maraɗi ko Damagaram yakan hau wajen digiri 30 bisa kudu da misalin ƙarfe tara na dare a ƙarshen Afrilu. Amma akwai ƴan uwansa da kowa zai iya gani ba da ko sisi ba. A daren ɗari, daga Janairu zuwa Maris, tauraron da ya fi kowane haske a kudu shi ne Siriyus, wanda Larabawa ke kira Shi'ira. Fuskarsa ta fi ta Rana yawan baƙin ƙarfe, kuma yana da farin wada a gefensa. A bazara, a duba taurarin nan bakwai na arewa masu siffar ludayi: na farko a jikin mariƙin, daga wajen kan ludayin, shi ne Aliyot, mafi haske cikin masu maganaɗisu da dabbaren kuromiyom. Da kaka kuma, a watan Oktoba da Nuwamba, Alferaz yakan zo kusan tsakar ka bayan isha, a kusurwar wani babban murabba'i na taurari huɗu. Shi ne mafi haske cikin masu zaiba da manganiz. Wanda ke da yara ƴan lakwal a gida, ya fito da su tsakar gida ya nuna musu.